Bauri, Tsami da Maiƙo: Amsoshinku Kan Jan Abin Sha

Tun da damina ta ɗauke aka shiga lokacin bukukuwa, saƙonninku ba su bar wayata ta huta ba. Abin da ya ba ni dariya, mutanen da ba su san juna ba, daga Zariya, Jos, Maraɗi har Kaduna, duk abu ɗaya suke kewayawa: wane jan abin sha za a ajiye kusa da abinci? Na ɗauko biyar daga ciki. Masu tambayar injin markaɗe da tukunyar gas ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Anti, salamu alaikum. Bikin 'yata saura mako biyar, muna sa ran mutum 200 a liyafar dare. Mai shirya mana wuri ta ce a sayi kwalaben wayin marar giya a jera a kan tebura. Na shiga kanti na rikice: wata an rubuta 0.0%, wata 0.5%, wata kuma hoton inabi kawai. Mahaifin yarinyar ya ce ba ya son abin da zai jawo masa magana. Wacce zan saya, kuma guda nawa? — Maman amarya, Zariya

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Dole ki rikice, domin kaya iri biyu ne aka jera a kanta ɗaya, kwalabensu iri ɗaya, an naɗe wuyansu da takardar gwal iri ɗaya.

Na farko ruwan inabi ne kawai. An matse inabin, an ɗumama ruwan don a kashe ƙwayoyin da ke juya shi ya zama giya, an ɗura masa iska irin ta lemon kwalba, an toshe. Bai taɓa bin hanyar giya ba. Dabarar ta daɗe: wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch ne ya fara ta a 1869, saboda a cocinsu ana son ruwan inabin da ba ya bugarwa. Kwalaben da muka saba gani a bukukuwanmu, irin su Chamdor da Pure Heaven, wannan layin suke.

Na biyu giya ce ta sosai. An yi ta, ta nuna, sannan aka zare mata barasar da inji. Gidan Carl Jung da ke Jamus ne suka yi rajistar dabarar a 1908: in aka zuƙe iskar da ke cikin tukunya, barasa takan tashi ta bar ruwan tun zafin bai kai na tafasa ba. Sau da yawa akan bar ɗan saura, shi ne 0.5% ɗin da kika gani. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a ce an cire wa giya barasa matuƙar abin da ya rage bai wuce hakan ba. Wasu kamfanonin sukan tace har su kai 0.0%, amma dai uwarta giya ce.

To a nan maganar Alhaji take. Hukunci na malamai ne, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai malamai da yawa, da hukumomin tantance halal a ƙasashe da dama, ba sa amincewa da iri na biyu. Sun ce abin da ya riga ya zama giya, zare masa barasa ba ya wanke shi. Akwai waɗanda suka sassauta. Ke da kike so a tashi daga taro ba wanda ya ja ki gefe, me zai kai ki? Ki juya bayan kwalbar ki karanta jerin kayan haɗi. In kika ga an fara da "grape juice", ɗauki. In kika ga "dealcoholised" ko "alcohol removed", mayar da ita inda kika same ta. Lambar 0.0% ita kaɗai ba ta gaya miki asalin abu. Ki kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, musamman in a kwali za ki saya, don tsohon kaya a ƙasan kwali yake kwanciya.

Yanzu ga abin da mai shirya wuri ba za ta faɗa miki ba. Ruwan inabi ya fi lemon kwalba zaƙi. Tsantsarsa yakan ɗauki sukari giram 15 ko sama da haka a kowane mililita 100, alhali baƙin lemon kwalba yana tsakanin 10 da 11. Kwalba mai mililita 750 ke nan ta haura cokalin shayi 25 na sukari. Ki ɗora wannan a kan soyayyar shinkafa da kaza da salak mai mayonis, baƙo zai yi kurɓi biyu zaƙin ya gundure shi, ya nemi ruwa. Na sha kwashe tebura bayan biki, na san yadda kwalaben nan ke dawowa: an fasa, an sha rabi, iskar ta fita, sai zubarwa.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Kwalba ɗaya kofi biyar ce, in an matsa shida. Mutum 200, in kowa zai samu kofi guda, kwalba 40 ke nan. Ni da ni ce, tebura 25 na mutum takwas-takwas, kwalba ɗai-ɗai zan sa don ado da hoto, in ce kada a fasa sai lokacin yanka kek, domin zaƙi da zaƙi ba sa faɗa: kek, cincin, dubulan, duk suna tafiya da shi. Lokacin cin abinci kuma jug-jug na zoɓo mai ƙarancin sukari, irin wanda zan bayyana a ƙasa. Kuɗin kwalba 15 ya dawo jakarki.

Abu ɗaya kada ki manta: su kwana a sanyi. Wata shekara a wani biki direba ya kawo mana kwalaye daga bayan mota da la'asar, kwalaben har ƙona hannu suke. Yaron da ke raba abinci ya kwance wayar marfin ke nan, toshiyar ta tashi ta daki silin, jan ruwa ya wanke wa ƙanwar uwar ango farin leshinta daga kafaɗa har gwiwa. Har yau in mun haɗu a taro gaisuwarmu a taƙaice take.

Anti, ni Kirista ne, malamin makaranta. Surukina da ke aiki a Afirka ta Kudu ya kawo min kwalbar giyar inabi, an rubuta "dry red blend", 14%. Ina so in buɗe ta ranar Kirsimeti. Matata za ta yi farfesun akuya mai yaji, soyayyar kaza da shinkafa, sannan za mu gasa cinyar rago. Me rubutun yake nufi, kuma da wanne za a sha? — Wani malami, Jos

Malam, sannu da aiki. Ni Musulma ce, ba na sha, ba kuma zan ce wa kowa ya sha ba. Amma shekarun da na yi a kicin ɗin otal, gefen masu dafa wa Turawa abinci, sun koya min dalilin da ya sa suke cewa a ci wannan da wancan, kuma dalilin a harshenmu yana da suna tun kaka da kakanni.

Fara da rubutun. Kalmar farko ba bushewa take nufi ba, rashin zaƙi take nufi. Yis ya cinye sukarin inabin kusan duka ya mayar da shi barasa. A ƙa'idar Turai abin da ya rage bai kamata ya wuce giram 4 a lita ba, wato cokalin shayi ɗaya, sai in giyar mai tsami ce sosai a ɗan ɗaga mata. Kalmar ƙarshe kuma haɗi take nufi: inabi fiye da iri ɗaya aka gauraya. A Turai sai iri ɗaya ya kai kashi 85 cikin 100 kafin a rubuta sunansa shi kaɗai a gaban kwalba, a Amurka kashi 75. Kada ka ɗauka haɗin ha'inci ne. Giyar yankin Bordeaux na Faransa, wanda ake furtawa Bodo, da duniya ke ji da ita, kusan duk haɗi ce: Cabernet Sauvignon ya ba da ƙarfi, Merlot ya ba da taushi, a ɗan yafa Cabernet Franc don ƙamshi. Kamar dai yadda ake zuba wa garin masara ɗan alabo don tuwo ya yi danƙo. A Afirka ta Kudu sukan ƙara nasu na gida, Pinotage, wanda Abraham Perold ya samar a Stellenbosch a 1925 ta hanyar auren iri biyu. Duba bayan kwalbarka, mai yiwuwa sunayen suna nan.

Sunan da na ce muna da shi kuwa shi ne bauri. Ka tuna yadda bakinka ke yi in ka ɓantari goro, ko ka ciji kanyar da ba ta nuna ba, ko ka sha shayin da ganyensa ya daɗe a ruwa: harshe ya yi kaushi, dasashi ya ɗaure, yawu ya ɗauke. Sinadarin da ke yin wannan yana nan a fatar jan inabi da ƙwallayensa da itacen gangar da aka adana giyar. Aikinsa shi ne ya kama abin da ke sa yawu santsi. In ka ci nama mai maiƙo, sai ya samu abin kamawa, ya saki bakinka. Shi kuma maiƙon ya daina naniƙe maka a ganda. Duk hikimar Turawa ta cin jan nama da jar giya a nan ta tsaya.

Saboda haka cinyar ragon nan ita ce abokiyar kwalbarka. Gishiri, tafarnuwa, masoro, albasa, a gasa ta a hankali, kada a cire kitsen duka. Soyayyar kaza ba laifi, ba yabo ba fallasa. Farfesu kuwa a raba su. Zafin attarugu da zafin barasa jijiya ɗaya suke tsokana a baki, in suka haɗu sai wuta ta ninka, baurin ya koma ɗaci. A sha farfesu da rana da ruwan sanyi, a bar kwalbar sai dare. Kifi ma kada a kawo shi kusa, yakan bar ƙarnin ƙarfe a baki. Kek da sauran kayan zaƙi su ma sukan sa ta yi tsami.

Masu sana'ar sun fi son ta tsakanin digiri 16 zuwa 18, wato sanyin daren Jos a watan Disamba ya wadatar. In ɗakin da ɗumi, minti 20 a firji. Ba a jefa mata ƙanƙara. A buɗe rabin awa kafin a zauna, a zuba sulusin kofi, a juya kofin a shinshina tukuna: in ka ji warin jiƙaƙƙen kwali ko na khal, ta lalace. Abin da ya rage a toshe a sa a firji, kwana biyu zuwa uku.

Sai ka riƙe cewa 14% ya kusa ninka na giyar kwalba ta yau da kullum sau uku. Wanda ya sha ya ba wani makullin mota, hanyoyinmu a ƙarshen shekara ba sai na faɗa maka ba. Yara da masu juna biyu kada su taɓa ta, yaran a ba su zoɓo. Kuma na san al'adar Jos ta aika wa maƙwabta shinkafar Kirsimeti. A tabbata ko ɗigo bai shiga tukunyar da za a raba ba.

Hajiya, shekarata 61, likita ya raba ni da sukari. A da ba na cin nama da dare sai da lemon kwalba. An ce in koma zoɓo, amma zoɓo babu sukari kashe min haƙora yake, kamar ruwan batir. Akwai yadda za a yi shi ya shawu? — Alhaji, Maraɗi

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tambayarka ce ta fi faranta min rai, don shekara da shekaru ina faɗa cewa mun zalunci zoɓo. Mun mayar da shi ruwan alawa: a tafasa shi ya yi baƙi, a juye masa sukari gwangwani-gwangwani, a ƙara garin ɗanɗano na leda mai ƙamshin abarbar ƙarya. Alhali wannan soɓorodon da ake loda wa tirela a Maigatari da Dawanau har Meziko ake kai shi, can suna kiransa jamaika. Sudan da Masar su ce karkade, Senegal bisap, Gana sobolo. Duniya ta san darajarsa, mu da muke noma shi muke rufe masa baki da sukari.

Abin da ya kashe maka haƙora tsami ne tsirara, ba shi da abin jingina. Maganinsa irin na masu giyar da na yi wa malamin Jos bayani ne, wato haɗi, sai dai namu halal ne.

Mu fara daga kasuwa. Zoɓo ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai duhu, ja har ya kusa baƙi. Shi ke ba da launi da jiki, tsaminsa da sauƙi. Akwai ja mai haske. Shi ne mai kaifin tsami. Akwai fari, a bar wa miya da fate. Yawancin mutane duk wanda mai awo ya ɗebo musu shi suke karɓa, to in aka yi rashin sa'a mai hasken ne zalla, ga ruwan batir nan. A ɗebi ƙwaya ɗaya a murza: mai kyau yana da ɗan taushi da sheƙi, ba ya rugurgujewa ya zama gari. A kai hanci: ƙamshinsa kamar na busasshen 'ya'yan itace, in an ji fumfuna ko warin buhu a wuce gaba. A duba ƙasan kwanon, in yashi da kara sun yi yawa, kuɗinka rabi ƙasa za ka saya. Ni har tauna ɗaya nake yi a gaban mai kaya. Araha ba ta ado a nan. Tsohon zoɓon da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ba shi da abin bayarwa sai tsami.

Ga yadda nake yi wa lita biyu. Mai duhu cikin tafin hannu biyu, mai haske ɗaya. A ɗauraye su da sauri sau biyu don yashi, kada a jiƙa, launin zai bi ruwa. Busasshiyar citta ɗan yatsa ɗaya a daddaka, kanumfari huɗu ko biyar kada a wuce, masoro 'yan ƙwayoyi, kirfa ɗan guntu. A tafasa ruwa da kayan ƙamshin minti biyar, a sauke, sannan a zuba zoɓon a rufe. Kada a dafa shi a wuta. Doguwar tafasa ce ke fito da kaifin nan, ta kuma kori ƙamshin. Minti 20 ya isa. Wanda ke da haƙuri ya jiƙa a ruwan sanyi ya kwana a firji, ya fi taushi ma. Kuma ban da tukunyar dalma, tsami yana cin ta. A yi a tukunyar ƙarfe marar tsatsa ko babbar kwalba.

Sirrin yana nan gaba. A wani kofi daban a jiƙa baƙin shayi ƙulli biyu na minti huɗu, a tsame, a juye ruwan a cikin zoɓon bayan an tace. Zoɓo yana da tsami amma baurinsa kaɗan ne. Shayi ke ba shi ƙashin baya. Sai gishiri ɗan mitsitsi, abin da yatsa biyu za su ɗauka. Ba za a ji shi ba, amma yana kwantar da ɗaci da kaifi. In da ɓawon abarba mai tsafta a sa shi tun wajen tafasa; hanci kan ji ƙamshin abarba ya yaudari harshe ya ɗauka akwai zaƙi. Masu lafiya suna iya jiƙa zabibi ko dabino uku su markaɗa a ciki, amma kai Alhaji ka sani dabino da zuma duk sukari ne a wajen jininka, sai abin da likita ya yarje. Wasu kan jefa kanwa don kashe tsami. Tana kashewa, amma tana kashe launin ma, ja mai kyau ya koma shuɗi-shuɗi kamar ruwan rini, ɗanɗanon ya yi lami. Ba na so.

Kada a sa shi ya yi sanyin ƙanƙara. Tsananin sanyi yana kulle ƙamshi ya bar tsami a fili. Sanyin randa, ko a fito da shi daga firji a ba shi minti goma. Wajen gwadawa, ka zuba kaɗan a kofin gilashi ka ɗaga wa haske: ja ne garau, ba dagwalo ba. Ka shinshina, citta ce za ta fara gaishe ka, kanumfari a baya. In kanumfari ne a gaba, an yi masa yawa. Ka kurɓa ka riƙe a baki kaɗan kafin ka haɗiye, sannan ka jira. Gefen harshe zai kawo yawu, wannan tsami ne. Dasashi zai ɗan ɗaure, wannan bauri ne. In yawun ya fi yawa, gobe a rage mai haske. In ɗaurewar ta fi, a rage wa shayi minti.

Gaskiyar magana, ko an yi duk wannan, in ka sha shi shi kaɗai a ranar farko za ka ɗan yamutsa fuska. Ba don a sha shi kawai aka yi shi ba. Ka aika a sayo maka balangu mai ɗan kitse, ka ci yanka ɗaya da albasa, ka bi shi da kurɓi. A nan za ka gane. Maiƙon da ke kwanciya a baki zai wanke tas, yanka na goma ya yi maka daɗin na farko, abin da lemon kwalba bai taɓa yi maka ba. Tsire ma haka, ƙuli-ƙulin jikinsa yana son tsami. Dambun nama, gasasshiyar zabuwa, ƙafar saniya, soyayyen naman layya da ya kwana biyu a mai, waina da miyar taushe mai man shanu, ɗanwake da mai da yaji, duk ya dace da su. Kuma tun da babu barasa a ciki, ba ya hura wutar barkono, har farfesu ana iya sha da shi, sai dai a rage citta.

Inda ba ya shiga: duk abincin da ya riga ya zo da tsaminsa. Faten tsaki mai yakuwa, kwaɗon rama, kunun tsamiya, tsami a kan tsami ne. Fura da nono ma a raba su da shi. Miyar kuka da kuɓewa kuwa na gwada sau da yawa, ba sa faɗa amma ba sa gaisawa. Ruwa ya fi. Kilishi ya danganta: mai kaurin labu yana so, busasshe ƙayau mai yaji kuwa bushewa biyu ce ta haɗu, sai a cire shayin.

Ka sanar da likitanka kafin ka mayar da shi na kullum. Zoɓo yana sauke hawan jini. A wani gwaji da masu bincike na jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa a 2010, mutum 65 ne suka shiga, waɗanda suka sha kofi uku a rana na mako shida lambar sama ta jininsu ta sauka da kusan 7. Ga mai shan maganin hawan jini wannan ba abin wasa ba ne, sauka biyu za ta haɗu. Kofi ɗaya da abincin dare ya ishe ka. Masu ƙarancin jini kuma su bar shayin, yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci.

Anti, na ga wani girkin naman sa na Faransawa a waya, an ce a zuba jar giya kofi biyu, wai in ta dahu barasar tana ƙonewa duka. Gaskiya ne? In ba haka ba me zan zuba? — Amarya, Kaduna

'Yata, ba gaskiya ba ne. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da jadawali a kan wannan: bayan minti 15 ana dahuwa kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi ma akwai kashi 5. Tana raguwa, ba ta ƙarewa.

Abin da giyar ke yi a tukunyar abu uku ne: tsamin da ke yanke maiƙo, duhun launi, da ɗan zaƙin 'ya'yan itace. Duk kina da su a kicin. Maimakon kofi biyu, ki zuba romon ƙashi kofi ɗaya, zoɓo mai duhu marar sukari rabin kofi, ruwan inabi rabin kofi. In ɗanyen inabi ne ma, irin wanda manoman Kudan ke kawowa kasuwannin Zariya da Kaduna, ki markaɗa da fatarsa ki tace, ya fi. Ki soya naman tukuna har ya yi duhu a kowane gefe, ki kwashe, ki soya albasa da cokali ɗaya na tumatirin gwangwani a man, sannan ki zuba haɗin ki kankare abin da ya kama a gindin tukunya da muciya, daɗin a nan yake. Wuta ƙasa-ƙasa, awa biyu zuwa uku. Dab da saukewa ki ɗanɗana, in yana neman kaifi ki ɗiga khal cokalin shayi ɗaya. Kada ki ga launin ya burge ki ki ƙara zoɓo. In ya wuce rabin kofi miyar yakuwa za ki kai wa angon.

Anti, zoɓon da na yi na sayarwa ya kwana biyu ba wuta, da na buɗe robar sai ta yi "fus", ga kumfa a sama. In ƙara sukari in sayar? — Wata 'yar'uwa, Gusau

A'a, ƙanwata. Wannan iskar da kumfar alama ce yis ya fara cin sukarin, hanyar da ruwan inabi ke bi ya zama giya ke nan, kuma a zafinmu ba ta da nisa. Ƙarin sukari ƙarin abinci ne gare shi. Ko jiƙon zabibin da ake yi wa Manzon Allah (SAW), ya zo a Sahihu Muslim cewa ba ya wuce yammacin kwana na uku yana sha. Nan gaba ki ajiye tataccen zoɓon ba sukari, ki riƙa haɗa na yini ɗaya-ɗaya, ki wanke robobin da ruwan zafi kafin ɗuri. Wannan na hannunki kuwa ki zubar.